UWA, NONONKI NA CIYAR DA MASU GADIN CIKIN JARIRINKI

A cikin hanjin kowane jariri akwai waɗansu ƙananan halittu, dubban miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Ba dukkansu ne ƙwayoyin cuta ba. Akwai na kirki, akwai miyagu masu kawo zawo. Wanda ya sami irin abincinsa shi ke yawaita ya mamaye wurin, kamar yadda shinkafa ke yi a fadama, gero kuma a jigawa.

To, ga abin mamaki. A cikin nononki akwai wani irin sukari, iri fiye da 100, wanda cikin jariri ba ya iya narkar da shi. Yakan wuce har babban hanji. Can ne ƙwayoyin kirki, waɗanda likitoci ke kira Bifidobakteriya, suke cinye shi. In sun ƙoshi sai su hayayyafa, su fid da ɗan tsami a hanjin. Miyagun ƙwayoyi ba sa son wannan tsami, sai su kasa yaɗuwa. Shi ya sa kashin jariri mai shan nono yake da laushi, ruwan ɗorawa, da ɗan warin tsami. Kada ki tsorata, ba zawo ba ne.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri, ya fi yawan wannan sukari. Kada a matse shi a zubar! Ki sa jariri a nono da zarar an haife shi.

Daga haihuwa har wata 6, nono zalla. Ban da ruwa, ban da jiƙo, ko da bazara ce, don mafi yawan nonon ai ruwa ne. Ruwan da ba shi da tsabta da bulumboti mai dauɗa, su ke shigo da baƙin ƙwayoyi tun masu gadin ba su yi ƙarfi ba.

Ya cika wata 6, ki soma ba shi kunun gero da ƙulli-ƙulli ko waken suya, da wake dafaffe da aka murje, da miyar zogale. Sababbin ƙwayoyi masu cin hatsi da ganye za su zauna, sai wajen shekara 3 cikinsa ya yi kama da na manya. Ki ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyi ba sa zaɓe, suna kashe na kirki tare da miyagu. Kada ki saya wa yaro a kasuwa. In zawo ya kama shi, ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi ruwan gishiri da sukari, ki kawo shi asibiti.