Zuba Duka a Caca Ba Jarumta Ba Ce

Da kaka, in an kai masara da waken suya kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara, kuɗi kan shigo hannun matasa a dunƙule. Lokacin ne tabarmar karta ke cika a bayan gari, wasu kuma su duƙufa kan waya suna cacar ƙwallo. A irin wannan zama ba a rasa wanda ake zugawa da "namijin duniya". Shi ne zai zazzage aljihunsa tsakiyar tabarma, ya ɗaure fuska, ya ce a buɗe kati.

Wannan ɗabi'a ta fi shahara a foka, kartar da ake gasar duniya a kanta a Las Vegas ta Amurka tun 1970. Dakiya tana da ranarta a can. Mutum kan tura duk abin da ke gabansa alhali katinsa ba na kirki ba ne, ko gezau bai yi ba, har abokin karawarsa ya karaya ya ajiye nasa mai kyau. Sai dai dakiya ba ta sauya lissafi. Ko mai riƙe da kati biyun da suka fi kowanne ƙarfi, in ya haɗu da mai biyun da ke bi musu, yana ci ne kamar sau 4 cikin 5. In ya zuba komai nasa a haka sau 5 a jere, damar ya tsira kusan ɗaya ce kacal cikin uku.

Ko gwanayen caca ba su tsira ba. Archie Karas ya shiga Las Vegas a 1992 da dala 50, ya tara kimanin dala miliyan 40, suka ƙare tas a 1995. Stu Ungar ya ci gasar duniya sau uku, amma a 1998 a ɗakin wani ƙaramin otal aka tsinci gawarsa, ba shi da komai.

Gwanaye ke nan, balle manomin Faskari ko Sabuwa da ya sayar da rai ya shiga gona duk da fargabar 'yan bindiga. Yawanci mai zuba duka zafin asara ne ke tunzura shi, so yake ya fanshe a hannu ɗaya, garin neman ƙiba ya samo rama. Daga nan sai bashi, sai jinginar da babur, sai gaba tsakanin abokai, wadda aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta yi gargaɗi a kanta.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kuɗin amfanin gona sun shigo, ka ware na taki, na cefane da na makarantar yara tun kafin dare ya yi. In an zuga ka, ka miƙe ka kama gabanka. Ranar da gida ya kwana da yunwa, ba za ka ga ko ɗaya daga cikin masu zugar ba.