Dukan mata a ƙasar Madarunfa: aikin da ke jiran maza

A ƙauyukan gundumar Madarunfa da ke jihar Maraɗi a Nijar, daga Gabi zuwa Safo, daga Ɗan Isa zuwa Jiratawa, matar da mijinta ya doka ba kasafai take nufar ofishin jandarma ba. Gidan iyayenta take tafiya, goyo a baya, ƙullin tufafi a ka. Bayan kwana biyu sai kawun mijin ya yi sallama a zaure, da goro, wani lokaci har da turmin atamfa, ya zo biko. Dattawa su zauna, a kira ta a ce: "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Aure ibada ne, ki dubi ƴaƴanki." Sau da yawa shi mijin ba a kira shi ba, balle a tambaye shi dalilin kumburin da ke fuskarta.

Masu yanke magana a wannan zama duk maza ne: uba, kawu, mai gari, liman. Doka ma ta bar musu fili. Nijar ba ta da kundin dokar iyali, domin yunƙurin da aka yi a farkon shekarun 1990 da wanda aka sake a 2011 duk sun ci tura saboda adawar wasu ƙungiyoyin addini. Aure da saki da gado, galibi al'ada ake bi a kansu, kuma dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta tabbatar wa sarakuna da masu gari ikon yin sulhu. Ke nan wanda yake son rage duka a gidajen aure bai da hanyar da za ta kauce wa waɗannan mutane.

Binciken lafiya da yawan jama'a da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2012 ya tambayi mutane ko miji na da hujjar dukan matarsa idan ta ƙona abinci, ta yi musu da shi, ta fita ba izini, ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Kusan mata 60 cikin 100 suka ce yana da hujja a kan aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan. A maza kuwa kimanin 27 cikin 100 ne suka amince. Amsar matan ta nuna irin tarbiyyar da aka yi musu tun suna ƙanana. Ta mazan ta nuna cewa mafi yawansu ba sa iya kare duka idan aka tambaye su ido da ido. Sai dai waɗannan masu rinjaye su ne suke jin kuka ta bayan darni su ce: "Tsakanin mata da miji sai Allah."

Abubuwa biyu ke ƙara ɗaure mace a wannan yanki. Na farko auren wuri: binciken ya gano mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuma adadin ya kai 89. Yarinyar da aka kai ɗaki tana shekara 15 ba ta da bakin da za ta ja da miji da uwar miji. Na biyu ƙarancin gona. A 2004 Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun nuna yadda cunkoson jama'a a kudancin Maraɗi, har da Jiratawa, yake raba mata da gamanar da suke nomawa don kansu. Macen da ba ta da damin hatsi nata, idan ta yi yaji, rumbun mahaifinta ba zai daɗe yana ɗaukar ta da ƴaƴanta ba. Dole ta koma, ko an gyara ko ba a gyara ba. Shi ya sa asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya wuce maganar jari kawai: abin da mace za ta dogara da shi ne idan ta yi yaji.

Hanyar jawo maza kuwa ba daga waje za a aro ta ba. A 2008 asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ya buɗe makarantun magidanta 11 a jihar Damagaram, bayan an gano cewa miji ne ke hana mace zuwa awon ciki ko ya bar ta. Ba aji ba ne mai malami da allo. Magidanta kamar goma ne, masu shekara 25 zuwa sama, waɗanda gari ya shaida halinsu kuma matansu na zuwa asibiti. Sukan zauna sau biyu a wata, ungozoma ko ma'aikacin lafiya ya kawo musu matsala, su tattauna, sannan su bi ƴan'uwansu maza a majalisa, a wurin suna da ɗaurin aure. Daga baya tsarin ya iso Maraɗi da sauran jihohi, har maƙwabtan ƙasashe suka ɗauka. Don lafiyar masu ciki aka kafa shi, amma darasinsa ya shafi duka: maganar da namiji zai ƙi ji daga bakin baƙo mai mota, yakan ji ta daga abokin da suke cin tuwo tare.

Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, da ya fara a 2019 a jihohin Maraɗi, Tawa, Tillaberi da Damagaram, shi ma ya yi aiki da sarakuna da malamai. Limamai ba su rasa hujja ba: Nana A'isha ta shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba. Wannan ya cancanci huɗubar Juma'a kamar yadda biyayyar mace take samu.

Amma akwai iyaka. Shigar maza ba ta nufin su karɓe bakin mata. Wadda aka doka ita za a fara saurara, a gaban wata babbar mace da ta yarda da ita. Sulhu kuma ba ya shafe laifi. Inda aka ji rauni, asibiti ne farko, likita ya rubuta shaida, domin duka da raunatawa laifi ne a dokar ƙasa, ikon mai gari bai kai nan ba.

Aikin da ya fi sauƙi shi ne wanda aka fi mantawa. Kafin a kai amarya, iyaye mata da gwaggwanni kan zaunar da ita su yi mata nasiha har ta yi kuka. Ango kuwa abokai ne ke kewaye da shi, ana shayi ana raha. Idan waliyyin da ya karɓa masa aure zai keɓe shi a ranar, da liman a gefe, ya gaya masa cewa ranar da ya ɗaga hannu danginsa ne za su fara tuhumarsa, da wuya saurayi ya manta da wannan magana.