Dabarun Shawo Kan Masu Sauraro: Darasi Daga Bakin Mai Tallar Magani

Masana harshe sun daɗe suna nazarin yadda mutum ke amfani da magana ya sa wani ya yarda da abin da bai yi niyyar yarda da shi ba. Aristotil, masanin ƙasar Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa hanyoyin gida uku: mutuncin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da kafa hujja. Larabawa kuwa suna da fannin balaga. A wannan 'yar maƙala za mu ɗora waɗannan a kan wani gwani da duk mai shiga motar haya a Legas ko Ibadan ko Onica ya sani, wato mai tallar magani a cikin bas.

Abin lura na farko shi ne ba ya farawa da magani. Da mota ta tashi sai ya miƙe ya yi gaisuwa, ya roƙi Allah ya kai kowa gida lafiya, ya tsare mu da sharrin hanya. Wa zai ƙi cewa amin? To, da fasinja ya amsa, ya tashi daga baƙo ya koma abokin zance, kuma wanda ya amsa sau ɗaya amsa ta biyu ba ta yi masa nauyi. A nan ne mai talla ke gina mutuncinsa. Idan ya hango mai hula da babbar riga sai ya bar Turancin buroka ya jefa masa Hausa: "Alhaji, sannu da hanya." Ya juya ga dattijuwa da Yarabanci, ya kira ta uwa. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun san yadda fuskar Bahaushe ke sakewa idan ya ji harshensa a bakin da bai zata ba.

Daga nan sai tambayoyi, kuma a ganina nan ne gwanintar take. Wa ke tashi da safe ya ji jikinsa ya mutu? Wa bayansa ke riƙewa in ya daɗe a zaune? Wa ke jin bakinsa ba ɗanɗano wani lokaci? Mai karatu ya duba da kyau, babu tambayar da amsarta take a'a ga mutumin da ya wuni yana neman abinci, ga shi a matse cikin mota. Alamomin na kowa ne, amma kowa ji yake da shi ake. Sai a ba alamomin nan suna mai ban tsoro, taifot ko basir ko dattin ciki, a kawo labarin wani da ya yi sakaci har aka kai shi asibiti ya kashe dukiya. Ba a faɗin sunansa ko garinsu. Tsoro ya shiga, sai a rufe da karin magana: rigakafi ya fi magani, lafiya uwar jiki. Karin magana na da ƙarfi domin ba a musu da shi. Mai sauraro ya riga ya yarda da shi tun yana yaro, saboda haka yardar sai ta zarce kan kwalbar da ke hannun mai talla.

Maimaici ma yana aiki. Sunan maganin zai fito sau goma kafin a kai tasha ta gaba.

Sai farashi. Zai ce a kanti kaza ne, ya ambaci kuɗi mai yawa, sannan ya raba shi biyu "saboda ku". Ya ƙara da cewa saura guda biyar a jaka. Wani lokaci wani fasinja zai ɗaga murya ya ce ya taɓa sha ya ji daɗi, kuma jama'a sun daɗe suna zargin cewa wasu masu irin wannan shaida tare suke da mai tallar.

Ina hujja, kaso na uku na Aristotil? Ita ce mafi ƙaranci a zancen. Abin da akan nuna shi ne lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna da aka kafa a 1993, wadda sunanta ya shiga bakin kowa lokacin da Dora Akunyili ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Mai talla yakan ɗaga kwalin ya karanta lambar da ƙarfi kamar ta tabbatar da duk cututtuka goma sha biyun da ya lissafa. Alhali yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta sa a jerinta, abin da aka duba shi ne ko za su cutar da mai sha, kuma a jikin kwalinsu akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Rubutun ƙanana ne, yana can ƙasa, kuma wannan layin mai talla ba ya karanta shi.