Darasin Hiroshima da rikicin ƙasa a Bulu Nil

Da an ambaci horon zaman lafiya na Hiroshima, sai a taɓe baki. Wasu su ce taron otal ne da alawus, wasu su ce ina ruwan manomin garin Mai Wurno na Sudan da makamin nukiliya, shi da bindigar Kalashinkof ta raba da gonarsa? Uzurinsu a fili yake. Dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan sun kama Wad Madani a Disamba 2023, suka shiga Sinja a Yuni 2024, kuma ko da sojoji suka ƙwace garuruwan, gidajen da aka wawashe ba su cika da kansu ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne zaton da ake yi cewa darasin Hiroshima bai wuce a yafe a manta ba. Ba haka birnin ya tashi ba. Bam ɗin 6 ga Agusta 1945 ya kashe kimanin mutum 140,000 kafin shekarar ta ƙare. A 1949 majalisar Japan ta yi doka ta musamman don sake gina birnin, aka auna filaye, aka sake yanka unguwanni, aka sha rigima da masu fili. A 1957 aka yi dokar kula da lafiyar waɗanda suka tsira, aka ba su ɗan littafin shaida da za su nuna a asibiti. Ofishin cibiyar horaswa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNITAR, da aka buɗe can a 2003, a kan wannan tarihi yake horar da jami'ai, daga masu tattaunawar kwance ɗamarar nukiliya har ma'aikatan Afganistan da Sudan ta Kudu.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Dubban 'yan Koriya sun mutu a harin, yawancinsu 'yan ƙwadago. Dutsen tunawa da su da aka kafa a 1970, a hayin kogi aka ajiye shi, wajen Dandalin Zaman Lafiya, sai a 1999 aka shigar da shi ciki. An ci wuta tare, amma da aka zo rabon tuwo aka ce baƙo ya jira a zaure.

Bahaushen Sudan ya san wannan zaure. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya sauka kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, gumin mutanensa da na sauran da ake kira Fallata ya shiga audugar. Duk da haka a Yuli 2022, da Hausawan Bulu Nil suka nemi sarautarsu a tsarin idara ahliyya, wato mulkin gargajiya, amsar da suka samu ita ce ku baƙi ne, ƙasa ba taku ba. Jini ya zuba a Rusairis, ya sake zuba a Wad al-Mahi a Oktoba, dubbai suka tsere zuwa Sinnar da wasu jihohi.

Zaman sulhu kam an yi shi, an yi addu'a, an ɗauki hotuna. Sai dai jami'anmu sun fi ƙwarewa a shirya taro fiye da buɗe rajista. Duk wanda za a tura Hiroshima daga Damazin, babban birnin Bulu Nil, ya tambayi yadda aka tantance mai fili bayan gobara, da yadda aka shigar da sunan mamacin da bai bar dangi ba. Mazauna kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadago na Jazira, da suka yi shekaru suna noma gonakin wasu, da yawansu har yau ba su da takardar filin da suke kwana a kai.