Injin da ke Juyawa a Cikin Jikinmu

Yau shirin namu zai leƙa cikin ƙwayar halitta, mu ga yadda tuwon da muka ci yake zama ƙarfi.

Jiki ba ya amfani da ƙarfin abinci kai tsaye, sai ya zuba shi cikin wani sinadari mai suna ATP, wanda Bajamushe Karl Lohmann ya gano a 1929. Ana yin sa ne ta hanyar liƙa wa sinadarin ADP fosfet na uku. Da an ɓalle shi sai ƙarfi ya fito, tsoka ta motsa. A kwana guda, ATP ɗin da mutum ke ƙerawa yana kashewa ya kai kusan nauyin jikinsa.

Hanya ta farko ta ƙera ATP gajeriya ce. Yayin fasa sukari, ana ciro fosfet daga wani sinadari a miƙa wa ADP hannu da hannu. Ba ta buƙatar iskar oksijin, amma ribar ATP 2 ce kacal daga kowace ƙwayar gulukos. Da ita kaɗai jajayen ƙwayoyin jini suka dogara.

Babban aikin yana cikin wani sashen ƙwayar halitta mai suna mitokondiriya, inda ribar ke haurawa kusan 30. A 1961 Peter Mitchell, ɗan Ingila, ya ce ana tara wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna furoton ne a bayan wani siririn tantani, kamar ruwa a bayan madatsar Kainji, kuma kwararowarsu ce ke tuƙa aikin. Masana da yawa suka ƙi yarda, amma a 1978 ya karɓi kyautar Nobel. A 1997 masu bincike a Japan suka ga ɗan injin da ke ƙera ATP ɗin yana juyawa ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ganina, kaɗan ne cikin binciken kimiyya ya kai wannan ban mamaki. Irin injin ne a koren ganyen dawa, sai dai a can hasken rana ne ke tara furoton ɗin.

Oksijin ɗin da muke shaƙa a ƙarshen jerin matakan da ke tara furoton a mitokondiriya yake aiki, kuma daidai nan gubar sayanayid take toshewa. Rogo mai ɗaci yana fitar da wannan guba. Don Allah, masu sauraro, a ɓare shi, a jiƙa shi sosai, a shanya ko a dafa shi da kyau kafin a ba iyali.