Ɗan Issa: Mai Albashi Da Mai Neman Na Yau, Wa Ya Fi Jin Daɗin Aikinsa?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa da an wuce Jibiya da Magama, sai Ɗan Issa. A nan ne kayanmu ke bi ta hannu da yawa kafin su ga rumfa: direba da yaron mota, 'yan dako, masu fitar da takardun fito, sai kuma 'yan duwan da jandarma da 'yan sanda. Mutum ɗaya ya yi nawa, sai mota ta kwana, tumatirin Hajiya ya zama ruwa.

Mun saba cewa ma'aikacin gwamnati ya huta, tunda wata na ƙarewa albashi na jiransa. Akwai gaskiya a ciki. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa har Maris na 2024. Duk tsawon lokacin nan mai kaki bai rasa albashinsa ba, amma ɗan dako da mai tuwon tasha ai sai ido.

To amma albashi daban, jin daɗin aiki daban. Ma'aikacin iyaka ba shi ya zaɓi abokan aikinsa ba. Takarda ce ta kawo shi, takarda za ta ɗauke shi, wani lokaci tun bai gama sanin sunayen dillalan garin ba. In ya ga gyara a aiki, sai maganar ta hau sama ta sauko, in ma ta sauko. Mu kuma da muke tsaye a rana muna jiran sa hannu, fushinmu a kansa yake ƙarewa.

'Yan dako fa? Su ne abin kallo. Buhu mai nauyin kilo 100 ba ya hawa bayan mutum sai wasu sun ɗora masa, saboda haka ba sa wasa da wanda za su ɗauka cikinsu. Shugabansu ya yi ciniki, a sauke mota, a zauna a raba kuɗi kowa na gani. Malalaci ba sai an kai ƙararsa ofis ba, gobe ba za a kira shi ba, shi ke nan. Wahala ce tsagwaronta, babu fansho, babu kuɗin asibiti, amma za ka ji suna raha da buhu a wuya.

Matan kasuwa sun fi kowa gane wannan. A jihar Maraɗin nan ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata su zaɓi junansu, su riƙa zubi kowane mako, akwati na da makullai a hannun mutane daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Kada dai mu cika yabon kanmu. A shagunanmu akwai yaran da suka shekara biyar ba su san ranar sallamarsu ba, ba a taɓa ƙirga riba a gabansu ba, kuma in kaya suka ɓata a hanyar Ɗan Issa, su ake fara tuhuma.