Ina Najasar Jirgin Ruwa Take Zuwa?

Jirgin ruwan da mutane ke wuni ko kwana a cikinsa ba ya rasa banɗaki, amma da wuya ka ji fasinja ya tambayi inda abin yake zuwa. A jirgin da aka ƙera bisa ƙa'ida, najasa tana gangarawa cikin wani tanki a ƙarƙashin daɓe, ta zauna nan har a iso tasha a zuƙe ta da famfo, kamar yadda motar kwasar masai ke yi a gari. Sai dai da yawa daga tsofaffin ƙananan jirage tankinsu bai taka kara ya karya ba. Kwana biyu ya cika, kuma idan ya cika, mai jirgi kan duba hagu da dama, ya buɗe bawul ya sakar wa ruwa. Tankin da ya yi wa jirgi kaɗan, da shi da babu duk ɗaya ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na huɗu na yarjejeniyar MARPOL, wanda ya fara aiki a 2003, ya hana manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe zubar da ɗanyar najasa sai sun yi nesa da gaɓa fiye da mil 12 na teku, wato kusan kilomita 22, kuma suna cikin tafiya. A Amurka, ko ƙaramin jirgin shaƙatawa ba shi da ikon zubar da ita a kogi, ko tafki, ko cikin mil 3 daga gaɓa.

Wani zai ce ai ruwa mai gudu ne, kuma kifi ma a ciki yake nasa. To, kashin kifi daban, na mutum daban, domin na mutum ne ke ɗauke da cututtukan da suka saba da jikin mutum. A 2010 najasa daga wani sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga wani reshe na kogin Artibonite a Haiti, kwalara ta bi ruwa, ta kashe kusan mutum 10,000, har majalisar ta nemi gafara a 2016. Kogin bai wanke komai ba, dakon cutar ya yi. Haka tsargiya: ƙwanta na fita ta fitsari ko bahaya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi, ya dawo ta fatar yaron da ke iyo a bakin mashaya.

Saboda haka ƙaramin tanki ya kamata a sauya shi da babba, amma mai sauya tanki kada ya tsaya ga girma kawai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 100 idan ya cika ya kai nauyin buhun masara, kuma in aka jingine shi gefe guda jirgi zai karkace. Wurinsa ƙasa ne, kusa da tsakiya, a ɗaure tamau. Roba mai kauri ta fi alminiyom, don fitsari na cin ƙarfe sannu a hankali har ya huda shi. Sai bututun shan iska, wanda shi aka fi rainawa alhali shi ne maganin wari. Idan iska ba ta shiga, ƙwayoyin da ke rayuwa babu iska su ke cin karensu babu babbaka, su fitar da hayaƙi mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya yi yawa a rufaffen wuri yana kashe jin wari, daga nan ya sumar da mutum. Bututun ya zama mai faɗi, gajere, babu lanƙwasa da yawa, a riƙa dubawa kada zanzaro ya toshe bakinsa da laka. Tsohon tiyo ma kan sha wari har cikin jikinsa. Masu gyara kan jiƙa tsumma da ruwan zafi, su naɗa a kai, in ya huce su sansana. Idan tsumman ya ɗauki ɗoyi, tiyon ya gama aiki.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne: in tanki ya cika, a ina za a juye? Gaskiya ne, babban tanki babu wurin zuƙewa jinkirta ɓarna ce kawai. Amurka ta gane haka, shi ya sa a 1992 ta yi dokar da ke ba jihohi kuɗin kafa famfunan zuƙe najasa a tashoshi, daga harajin kayan kamun kifi da man jiragen ruwa. A namu kogunan, daga Yawuri zuwa Lakwaja, kwale-kwale ne ya fi yawa, ba shi da banɗaki balle tanki, kuma MARPOL ba ta shafe shi ba. Saboda haka duk gwamnatin da za ta sayo jiragen fasinja na zamani, ya kamata ita da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, su sa tanki da famfon tasha cikin lissafi ɗaya tun ranar ciniki.